Uwa Ta San Ƙofa, 'Ya Ta San Karatu

Wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Gagarawa cikin watan Agusta zai ga ƙasa ta yi kore shar, gero ya fi mutum tsawo, riɗi da zoɓo sun rufe gonaki. Sai ya ce lalle mutanen nan suna cikin daɗi. Matan gida kuwa sun san ba haka abin yake ba. A daidai wannan lokaci ne hatsin bara yake ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba, mudu ya yi tsada, sauro kuma ya cika kududdufai. Yunwa da zazzaɓi tare suke zuwa, ƙananan yara kuwa suka fi kayarwa.

Akwai taimakon da mace za ta yi wa unguwarsu a irin wannan lokaci ba tare da ta kashe ko kwabo ba. Aikin ƙafa ne, na shiga gida gida. A ganinmu kuwa ba waɗanda suka dace da shi kamar uwa da 'yarta budurwa, in sun fita tare.

Bari mu fara da zazzaɓin cizon sauro. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yaran ƙasashen Sahel maganin rigakafi kowane wata muddin damina. A Nijeriya an fara a Jihar Katsina a 2013, Jigawa ta biyo baya. Yara daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya a wata har wata huɗu, kowane zagaye kuma na kwana uku ne. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da wajen kashi 75 cikin 100.

Ga inda gizo yake saƙa. Masu rabo sukan ba yaro maganin ranar farko a gabansu, sa'an nan su bar na rana ta biyu da ta uku a hannun uwarsa, su wuce gida na gaba. Uwar nan fa tana da surfe, da ɗebo ruwa, da kai abinci gona. Wata ta manta. Wata ta ga yaro yana wasansa lafiya lau, ta ɗaga maganin a bayan kwalla wai sai ranar da ya yi zazzaɓi. Wata kuma ta raba wa yayyensa don kada a ce ta yi son kai. Duk wanda aka yi cikin ukun nan, kāriyar ta ragu. Shi ya sa masu shirin suke neman dattijan mata na unguwa, waɗanda ake jin maganarsu, su riƙa zagayawa suna tunasarwa.

To, ina amfanin budurwa a nan? Rabon magani ba aikinta ba ne, na waɗanda aka horar ne. Amma kowane yaro yana da kati, kati kuwa sai mai karatu. Yarinyar da ta kai aji biyu ko uku na sakandare za ta duba kati ta ce, “Inna, wannan jiya ya sha na farko, yau na biyu ne.” Za ta ƙirga kwana 28 ta faɗi ranar da masu rabo za su komo. Za ta riƙe ɗan littafi ta rubuta gidajen da aka shiga da waɗanda aka tarar ba kowa. Ita kuwa uwa, ita ce za ta yi sallama a amsa mata da fara'a, gama an san ta a biki da suna da zaman makoki. Ita ce za ta iya duban amarya mai goyon fari ta ce, “Ke 'yar nan, ɗauko maganin ki ba shi ina gani,” ba a ji haushi ba. Budurwa ita kaɗai in ta faɗi haka, sai a ce ta cika rashin kunya. Wani abin sha'awa kuma, dogon hutun makaranta yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, watau daidai lokacin da ake bukatar yaran.

Aiki na biyu shi ne awon dantse. Mai karatu ya yiwu ya taɓa ganin wani ɗan siririn ma'auni kamar tef ɗin tela, mai launi uku. Ana zagaya shi a tsakiyar dantsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake, ba a matse ba, ba a kuma bar shi sako-sako ba. Na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. In ya nuna kore, watau santimita 12.5 ko fiye, to madalla. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro ya soma ramewa, sai a tashi tsaye. Ja kuwa, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa ran nan. Sai kuma a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin yunwa ne, ko da ma'auni ya nuna kore. Iyaye da yawa sukan ɗauka ƙiba ce.

Dā ana zaton ma'aikatan lafiya kaɗai ke iya wannan awo. Maƙwabtanmu na tsallaken iyakar Maigatari su suka nuna ba haka ba ne. A gundumar Mirya ta ƙasar Damagaram, cikin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa dubban iyaye mata awon, suka kwatanta aikinsu da na ma'aikatan lafiya na ƙauye. Iyayen ba su gaza ba. Har ma yaran da iyaye suka gano sukan iso asibiti tun ciwo bai yi nisa ba, waɗanda aka kwantar a cikinsu ba su kai yawan na ɗaya ɓangaren ba. Hausawa ne kamar mu, gero ɗaya muke ci, damina ɗaya take sauko mana.

Yaron da ya shiga ja, abincin tamowa ake ba shi, wannan na cikin leda da ake yi da gyaɗa da madara da sukari da mai. Magani ne, na yaro ɗaya ne, amma kowa ya san akan gan shi a kasuwa ana sayarwa, akan kuma lasa wa sauran yaran gida. Wannan magana ce mai nauyi, ta babba ce, yarinya ta yi shiru uwarta ta faɗa. Na rawaya kuwa, akwai garin kunu da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a haɗa a niƙa. Mata huɗu ko biyar na Zumuntar Mata da 'ya'yansu za su iya gama na unguwa guda da yamma ɗaya, kamar yadda ake gayyar daka in biki ya taso.

Akwai kuma wata riba da ba a rubuta ta a kati. Mun san halinmu na kunya. Uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, wata ma ba ta sakin jiki ta yi hira da ita, sai aike da faɗa. Yarinya ta kai shekara 14 ko 15, tambayoyi sun cika mata ciki, amma a bakin ƙawaye take jin amsa. Tafiya tsakanin wannan gida da wancan takan buɗe baki. An fito daga ɗakin mai jego, yarinya ta ce, “Inna, me ya sa jikinta ya ɗashe haka?” Daga nan sai zancen jini, da awon ciki, da haihuwa a asibiti, da haɗarin ɗaukar ciki tun ƙugu bai yi ƙwari ba, zancen da a tsakar gida ba mai iya soma shi.

Wadda take so ta fara, kada ta tashi haka kawai. Ta shawarci maigidanta, ta je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ta nemi a nuna mata awon a kuma ba ta ma'auni in akwai, a sanar da mai unguwa. Gida goma sun isa. A fita da rana, a komo kafin magariba, kada a aiki yarinya ita kaɗai, kada kuma a shiga gidan da ba a ba da izini ba, na Kirista ne ko na Musulmi. Yaron da aka tarar da jiki zafi, ko yana fizge-fizge, ko ya ƙi nono, ba a tsaya awo ko dubin kati ba, sai a nemi abin hawa a kai shi asibiti. In hutu ya ƙare, yarinya ta koma aji, zagayen Oktoba a bar shi sai ran Asabar.