Lagireto da kuɗin jama'a: abin da ke kashe katafilar gyaran hanya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ɓarnar da damina ta yi wa hanyoyin karkara a kudancin Jihar Katsina takan fito fili. Zaizayar ƙasa ta cinye gefen hanya, kwalbati ya rufta, motar da za ta kwaso masara da waken suya zuwa kasuwa sai ta yi dogon zagaye. Daga Nuwamba zuwa Mayu ne kaɗai ƙasa ke bushewa yadda katafila da gireda za su iya aiki. Injin da ya lalace a cikin waɗannan watanni ya jawo wa ƙauye jiran wata shekarar.

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, hanya ta wuce batun kasuwa, domin a kanta jami'an tsaro ke bi idan an kai hari. Daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. A shekarar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a yankin. A irin wannan yanayi aikin hanya yakan tsaya ba shiri, a janye ma'aikata, a bar injuna a ajiye na tsawon watanni. A cikin wannan ajiyar ne lalacewa ke somawa, kuma sau da yawa daga ruwan da ke cikin lagireto take farawa.

Yadda inji ke rage zafinsa

Injin dizal ba ya mayar da duk man da ya ƙona ya zama ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin yakan shiga jikin ƙarfen injin, kuma ruwa ne ke kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ta cikin ramukan da suka kewaye silinda, ruwan ya ɗauki zafi ya tafi lagireto, fanka ta hura masa iska, ya huce ya komo. Akwai ɗan bawul da makanikai ke kira tamostat, wanda ke tsare ruwan a cikin inji har sai zafinsa ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salsiyos, sannan ya buɗe masa hanya. Murfin lagireto kuma yana riƙe matsi domin kada ruwan ya tafasa da wuri.

Motar haya tana samun iska daga gudun da take yi a kan titi. Katafila kuwa tafiyar hawainiya take yi, tana tura tudun ƙasa da iyakar ƙarfinta, a cikin ƙurar da ita kanta ta tayar. Duk iskar da lagiretonta ke samu daga fanka take fitowa. Shi ya sa ƙaramin lahani, kamar sakin fanbel ko toshewar ramuka, kan kai ta ƙasa cikin sa'o'i kaɗan.

Darasin ƙasashen ƙanƙara

A Kanada, Rasha da arewacin Amurka, mai tsohuwar katafila yana da aiki na dole kafin sanyi ya shigo. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya tsaga gangar inji. Don haka ko dai ya zubar da ruwan ƙaf daga lagireto da gangar inji da na'urar sanyaya mai, ko ya cika shi da haɗin ruwa da sinadarin gilaikol, rabi da rabi. Irin wannan haɗi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri.

Ƙanƙara, duk da sunanta, ba ta san irin wannan sanyi ba. Ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa a kudancin Katsina. Daga nan ne aka yi kuskuren ɗauka cewa ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ake kira kulant, kayan Turai ne da ba a buƙata a nan. Alhali hana daskarewa ɗaya ne cikin ayyukansa uku. Yana ɗaga matakin tafasar ruwa da kusan digiri 7 ko 8, abin da ke da amfani a watan Afrilu lokacin da zafin rana kan kai digiri 40. Mafi muhimmanci kuma, yana ɗauke da magungunan da ke hana tsatsa da zaizayar ƙarfe.

Abubuwa huɗu da ke cin injin a nan

Na farko shi ne ruwan rijiya, burtsatse ko kududdufi. Wanda ya taɓa leƙa gindin butar shayi ya ga farin ɓawon da ke taruwa a ciki. Irinsa ne ke mannewa a hanyoyin ruwan inji, ya hana zafi ratsawa, ya toshe siraran bututun lagireto. Idan kuma an ajiye injin da wannan ruwa a cikinsa wata da watanni, tsatsa takan samu sararin cin ƙarfe a hankali.

Na biyu ya shafi manyan injunan dizal da ruwa ke taɓa silif ɗinsu kai tsaye. Duk bugun da fistin ya yi, silif yakan girgiza, ƙananan kumfa su taso a jikinsa su fashe da ƙarfi. Fashewar tana fafe ƙarfen kaɗan-kaɗan har ta huda shi, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Alamarsa ita ce man ya koma kalar shayi da madara. Magungunan da ke cikin kulant na manyan injuna su ne ke shimfiɗa kariya a jikin silif, kuma sukan ƙare, don haka ake sabunta su.

Na uku shi ne ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Idan ta haɗu da jar ƙasar hanya da ƙaiƙayin gona da ɗigon mai, sai ta zama laka a tsakanin ramukan lagireto. Fanka tana juyawa, iska ba ta wucewa.

Na huɗu ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a garejoji: cire tamostat a jefar da zarar inji ya fara zafi. Injin da aka yi wa haka ba ya ɗumama da wuri a safiyar hunturu, yana ƙona mai ba daidai ba, yana saurin cinyewa. A wasu injunan ma, rashinsa kan sa ruwan ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto ba, zafin da ake gudu ya ƙaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da ya kamata a yi kafin rani da kafin ajiya

Aikin ba ya buƙatar injiniya daga waje. A bari inji ya huce tukuna, domin buɗe murfi yana da zafi kan watsa tafasasshen ruwa a fuska. A zubar da tsohon ruwa ta dukkan mafitarsa, a wanke ciki har sai ruwan ya fito garau. A duba tiyo ko ya tsage ko ya yi laushi, a ɗaure fanbel, a gwada murfi da tamostat, a canza wanda ya mutu. A cika da kulant irin wanda kamfanin injin ya ƙayyade, a gauraya shi da tataccen ruwa, kada kuma a haɗa iri biyu. A riƙa hure lagireto da iska mai ƙarfi ta ɓangaren da zai mayar da ƙurar inda ta fito. Idan inji ya yi zafi a bakin aiki, kada a kwara masa ruwan sanyi, domin kan injin na iya tsagewa.

Injin da za a ajiye, gara a bar shi cike da haɗin mai maganin tsatsa, a riƙa tayar da shi lokaci-lokaci har ya ɗumama. Tsohon ruwan kuma kada a zubar da shi inda dabbobi ke sha. Gilaikol yana da zaƙi-zaƙi, amma guba ne da ke lalata ƙoda, ga akuya da kare da ƙaramin yaro.

Inda siyasa ta shigo

Kuɗin wannan hidima bai kama ƙafar kuɗin sauke inji da sake silif da gasket ba, balle na sayen sabuwar katafila da ake shigo da ita da dala. Sai dai sayen sabo yana da biki da yanke ƙyalle da ɗaukar hoto, wanke lagireto kuwa babu mai tafa masa. Gyaran da ba a gani shi ne na farkon faɗuwa idan an zo rage kasafi.

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta bai wa ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta ƙayyade kwana bakwai a ba shi amsa.

Matashin Faskari, Sabuwa ko Ƙanƙara da ke son sanin makomar hanyar garinsu yana iya tunkarar sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa da tambayoyi huɗu a rubuce. Injuna nawa ke cikin rajista, nawa ne ke tashi? Nawa aka ware don kula da su a kasafin bana, nawa aka fitar? Ina littafin da ke nuna awannin aikin kowane inji da ranar da aka canza masa mai da ruwa? Wa ya sa hannu a takardar da ta ce wani inji ya mutu, kuma wa ya saye shi a gwanjo? Kansilan mazaɓa ma yana da hurumin gabatar da su a zauren majalisa, tun kafin watan Nuwamba ya kama.