Gambiya: Ƙasar da dodon kaciya ke tsaron yara, ake kuma zaɓen shugaba da ƙwallon gilashi

Idan damina ta yi nisa, wajen watannin Agusta da Satumba, akwai wata ƙara da duk wanda ya tashi a garuruwan Mandinka na Gambiya da kudancin Senegal ya sani. Ƙarar adda biyu ce ana goga su da juna, sai wani ihu mai tsini ya biyo baya. Da zarar an ji ta, mata sukan ja yaransu cikin gida, masu talla su kwashe kayansu, hanya ta zama fayau. Kankurang ne ya fito, dodon da ke gadin yaran da aka yi wa kaciya.

Akwai kuma wata ƙarar da ake ji a faɗin ƙasar a ranar zaɓe. Ita ba ta da ƙarfi ko kaɗan, ƙararrawar keke ce da ke kaɗawa sau ɗaya a bayan labule. Da ita ce malaman zaɓe ke gane cewa mutum ya jefa ƙuri'arsa, domin a Gambiya ba a dangwala wa takarda yatsa. Ɗan ƙwallon gilashi ake ba mutum, irin wanda yara ke wasa da shi, ya je ya jefa a cikin gangar ɗan takarar da yake so.

Al'adun biyu ba tushensu ɗaya ba. Ta farko ta fito ne daga dajin kakanni, ta biyu kuma daga ofishin zaɓe. Sai dai ta cikinsu ne saurayi Bamandinke ke bi kafin a lissafa shi cikin mutane, ɗaya ta mayar da shi namiji a idon gari, ɗayar ta ba shi murya a harkar ƙasa. A yau dukansu biyu suna cikin matsi.

Wane ne Kankurang?

Gambiya ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka idan an cire tsibirai. Siririya ce, ta bi gaɓar kogin Gambiya, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku. Al'ummarta sun kai kusan miliyan biyu da rabi, kuma Mandinka su ne ƙabila mafi yawa, wajen kashi ɗaya cikin uku. Ana samun su har ila yau a yankin Kasamans na Senegal da garin Mbour da kuma Gini Bisau.

Kayan Kankurang na asali daga ɓawon wata bishiya ake yin su wadda Mandinka ke kira "faara". Bahaushe ya san ta sarai, dangin kalgo ce, wadda manoma da makiyaya ke ɓare ɓawonta su yi igiya. Akan daddaka ɓawon har ya yi laushi, ya fito da jan zare, sannan a naɗe mutum da shi daga kai har ƙafa, ba a ganin ko da ƙwayar idonsa. Akwai wani nau'in da ake rufewa da ɗanyen ganye, wanda aka fi gani yana rawa a wuraren biki. Akwai kuma wanda ake kira "ifangbondi", wanda aka fi tsoro, da dare yake fita, kuma mutane sun yi imani ba a iya ganinsa da ido.

Masana sun danganta asalin wannan al'ada da "Komo", wata tsohuwar ƙungiyar asiri ta mafarauta a ƙasar Mande. Dattawa ne ke zaɓar wanda zai sa kayan, dole ne kuma ya kasance shi ma ya bi ta dajin kaciya. Ba a faɗin sunansa. Ko uwar da ta haife shi ta gane tafiyarsa, ba za ta buɗe baki ta ce ɗanta ne ba.

Makarantar daji

A ƙasar Hausa wanzami kan yi wa yaro shayi, a yi jinyarsa a gida, dangi su kawo masa kaji da kyaututtuka. A wajen Mandinka kaciyar farkon magana ce. Akan kwashe yaran gari masu shekaru kusan ɗaya a kai su wani sansani a bayan gari da ake kira "jujuwo", su zauna can na makonni, a da har watanni. Samarin da suka riga su shiga su ne ke kula da su.

A nan ake koya musu yadda ake gaida babba, da yadda ake zama a gaban abinci, da riƙon sirri, da haƙuri da wahala. Ana koya musu waƙoƙi da karin magana masu ɗauke da dokokin gari, da sanin itatuwan magani, da dabarun farauta. Wanda bai shiga ba ana ce masa "solima", kalmar da ta zama zagi ga duk wanda bai san ya kamata ba, ko da gemunsa ya yi furfura.

Aikin Kankurang shi ne tsaron waɗannan yara. Mutane sun yi imani cewa lokacin da raunin bai warke ba ne mayu da iskoki suka fi samun damar cutar da yaro, don haka dodon kan kewaya sansanin da gari yana kora. Yana da wani aikin kuma, na hukunci. A ƙauyuka da dama, idan dattawa suka hana taɓa wasu ƴaƴan itatuwa sai sun nuna, ko suka kira aikin gayya, Kankurang ne ke tabbatar da an bi. Ƙarfinsa yana cikin rufin asirinsa. Tun da ba a san ko wane ne ba, babu wanda zai ce ɗan gidan wane ne ya buge shi, balle ya riƙe shi da gaba. Ana ɗaukar hukuncin a matsayin na gari baki ɗaya.

Hukumar UNESCO ta ayyana Kankurang cikin muhimman al'adun ɗan Adam a shekarar 2005, sannan a 2008 ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Gambiya da Senegal tare. A garin Janjanbureh, wanda ke kan wani tsibiri a tsakiyar kogin Gambiya, akwai gidan tarihi na Kankurang, ana kuma yin bikinsa a watan Janairu.

Ƙwallo ɗaya, ƙara ɗaya

Gambiya ta samu ƴancin kai daga Ingila ranar 18 ga Fabrairu, 1965, kuma tun a shekarun 1960 ɗin ne ake zaɓe da ƙwallon gilashi. Dalilin a bayyane yake, akasarin masu zaɓe a wancan zamani ba su yi karatun boko ba, an kuma so a samu hanyar da tsohuwa daga ƙauye za ta yi zaɓenta ba tare da wani ya riƙe mata hannu ba.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗan takara yana da ƴar ganga ta ƙarfe, an shafe ta da fentin jam'iyyarsa, an liƙa hotonsa da alamarsa a jiki. Idan an tantance katin mai zaɓe, aka sa masa tawada a yatsa, sai a miƙa masa ƙwallo guda. Ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya jefa ta wani ɗan bututu da ke saman gangar. Ƙwallon na faɗawa sai ya bugi ƙararrawar keke da aka ɗaura a ciki. Idan ƙara ta tashi sau biyu, malaman zaɓe sun san an shigo da ƙwallon da ba na hukuma ba. Akan zuba rairayi ko garin katako a gindin gangar domin kada faɗuwar ƙwallon ta yi wata ƙarar da za ta rikita masu saurare. Saboda haka ne ma ake hana kekuna kusantar rumfunan zaɓe a wannan rana.

Idan an rufe rumfa, sai a ɓalle hatimin kowace ganga a gaban wakilan jam'iyyu, a tankaɗe rairayin, a juye ƙwallayen a kan wani allon katako mai ramuka 200 ko 500. Allo ya cika, an san adadin. Ƙidayar ba ta ɗaukar lokaci, kuma ƙuri'un da ke lalacewa kaɗan ne ƙwarai, tun da babu zancen dangwale wuri biyu. Zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi yawan ƙwallaye shi ne ya ci.

A nan ne tsarin ya yi kama da na dodon kaciya. Kowa na jin ƙarar, amma babu wanda ya ga hannun da ya jefa ko gangar da aka jefa wa.

Ranar da ƙwallaye suka kayar da Jammeh

An ga amfanin wannan rufin asiri a zaɓen 1 ga Disamba, 2016. Yahya Jammeh, wanda ya kifar da gwamnatin Dawda Jawara a watan Yulin 1994, ya shafe shekara 22 yana mulki da tsoratarwa. Watanni kaɗan kafin zaɓen ya fito a wani taron siyasa ya zagi ƙabilar Mandinka tare da yi musu barazanar kisa, abin da ya sa mai ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan hana kisan ƙare dangi, Adama Dieng, ya yi tir da kalaman.

Mutane da yawa ba su iya ɗaga murya a fili ba, amma a bayan labule sun yi abin da ke ransu. Da yake a rumfuna aka ƙidaya ƙwallayen a gaban wakilan ƴan takara, sauya sakamako a hanya ya yi wuya. Adama Barrow, ɗan takarar gamayyar ƴan adawa, ya samu kashi 43 cikin ɗari, Jammeh kashi 39 da ɗoriya, Mama Kandeh kashi 17.

Da farko Jammeh ya amince da kaye. Bayan ƴan kwanaki hukumar zaɓe, ƙarƙashin Alieu Momarr Njai, ta gyara wani kuskure da aka yi wajen tattara alƙaluma, tazarar ta ragu zuwa ƙuri'u kusan 19,000, amma wanda ya ci bai sauya ba. Jammeh ya kama wannan hujja, ranar 9 ga Disamba ya ce bai yarda ba. An rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ranar 19 ga Janairu, 2017, sojojin CEDEAO suka tsallaka iyaka, kwana biyu bayan haka Jammeh ya hau jirgi zuwa gudun hijira a Gini Ikwatoriya.

A zaɓen 4 ga Disamba, 2021, an sake fito da gangunan. Ƴan takara shida ne suka fafata, kusan kashi 89 cikin ɗari na masu rajista suka fito, Barrow ya sake lashewa da kashi 53, Ousainou Darboe ya zo na biyu.

Birni da ƙaura sun matsa musu

Duk da wannan tarihi, hukumar zaɓen ƙasar ta sha nuna sha'awar komawa ga takarda. Tun bayan faɗuwar Jammeh jam'iyyu da ƴan takara masu zaman kansu suka yawaita, kuma kowane ɗan takara sai an tanadar masa ganga a kowace rumfa. A 2021 rumfuna sun haura 1,500, ke nan an buƙaci ganguna fiye da 9,000 da za a yi wa fenti, a loda a mota, a kai har lungunan ƙasa. Masu son a ci gaba da ƙwallo kuma suna cewa jama'a sun saba da shi, sun yarda da shi, kuma yarda ba ta samuwa a dare ɗaya.

Shi ma Kankurang zamani ya taɓa shi. An sare dazuzzukan da ake keɓewa don kaciya, an mayar da su gonaki da filayen gini. Iyaye da dama a asibiti suke yi wa jarirai kaciya, zaman dajin kuma an taƙaita shi don ya dace da hutun makaranta. A unguwannin Serekunda da kewaye ana ganin yara sun ɗaura buhuna da tsummoki suna tare motoci suna neman kuɗi da sunan Kankurang, abin da ke ɓata wa dattawa rai. A Mbour, inda dodon ke fita a watan Satumba, cincirindon matasan da ke bin sa ya sha rikiɗewa zuwa jifa da doke-doke. Wasu malaman addini kuma, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, suna kallon al'adar a matsayin ragowar abubuwan kafin Musulunci.

Sai kuma batun waɗanda suka bar gida. Mazauna Agadas sun san samarin Gambiya, domin dubbansu sun bi ta nan zuwa Libiya da Italiya. A shekarar 2016 kaɗai kusan 12,000 ne suka isa Italiya ta teku. Kuɗin da ƴan ƙasar mazauna waje ke aikowa ya haura kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar, da shi ake ciyar da gidaje, da shi ake yin hidimar kaciyar ƙanne. Amma ba su da ƙwallo a hannu. A farkon 2021 kotun ƙolin Gambiya ta ce suna da haƙƙin a yi musu rajista su yi zaɓe, sai dai ba a aiwatar ba a zaɓen wannan shekara. A watan Maris na 2025 kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da sashen dokar zaɓe da zai ba su wannan dama.

Saurayin da Kankurang ya yi gadinsa yana yaro, wanda a yau yake aikin gini a Milan ko tsinkar tumatir a kudancin Spaniya, yana iya kallon fitar dodon garinsu a wayarsa, ya kuma aiko da kuɗin makaɗa. Idan kuwa yana son ƙararrawa ta kaɗa masa a ranar zaɓe, sai ya nemi kuɗin jirgi ya koma rumfar da ya yi rajista.