Daga Gawu Babangida zuwa Abuja: Yadda laulayin maganin hawan jini ke sa ma'aikata ajiye shi a ɓoye

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kwana a Gawu Babangida, hedikwatar ƙaramar hukumar Gurara a Jihar Neja, yakan baro gida ana idar da sallar asuba. Gabansa akwai hanyar Suleja, sai cunkoson Madalla da Zuba, kafin motar ta miƙe ta Kubwa zuwa Sakatariyar Tarayya. Idan yana cikin masu hawan jini, kuma likita ya haɗa masa da ƙwayar da ke sa yawan fitsari, wannan tafiya takan zama azaba. Yau ya ce sai ya isa ofis zai sha, gobe ya manta, jibi ya ajiye kwalin gaba ɗaya.

Haka akasarin barin magani yake farawa. Hawan jini ba ya yi wa mai shi ciwo, shi kuwa maganin yakan zo da laulayin da ake ji a jiki, don haka mutum yakan ga kamar ya fi lafiya kafin ya fara sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma huɗu cikin kowane biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. Ƙarshen wannan sakaci sananne ne a asibitoci: shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya, lalacewar ƙoda.

Kowane magani da nasa hali. Amlodipine, wanda ake yawan rubutawa a Nijeriya, yakan kumbura idon sawu, kumburin kuma ya fi fitowa da yamma bayan dogon zama a kujerar ofis da ta mota. Ɗaga ƙafa kan matashi da miƙewa a ɗan taka lokaci-lokaci suna sassauta shi; idan ya ƙi, likita yakan rage yawan maganin ko ya haɗa shi da wani. Wannan magani yana da muhimmanci ga baƙar fata musamman. Wani bincike mai suna CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, aka kuma wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da Amlodipine ya fi sauke jini a kan haɗin Perindopril da Hydrochlorothiazide. Saboda haka asara ce a yar da shi don kumburin da ake iya magancewa.

Lisinopril da danginsa sukan kawo busasshen tari marar majina, mai hana barci. Mutum yakan shafe watanni yana sayen maganin tari a kemis, har iyali su fara zargin tarin fuka, alhali sauya shi da irin su Losartan kan kawar da tarin. Amma idan leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, to batun gaggawa ne, asibiti za a nufa nan take domin numfashi yana iya toshewa. Waɗannan rukunoni biyu duka ba a ba mai juna biyu. Ma'aikaciyar da ke shan ɗayansu kuma take sa ran haihuwa ta sanar da likita tun da wuri.

Su kuwa Hydrochlorothiazide da Furosemide, aikinsu fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, kuma ƙarfinsu ya fi yawa a sa'o'in farko bayan an sha. Mai doguwar tafiya yana iya neman likita ya tsayar masa da lokacin sha bayan isa ofis, muddin ba a kai shi dare ba. A zafin watan Maris da Afrilu, ko a azumin Ramadan, suna iya kawo jiri da ɗaurewar tsoka. Tashi a hankali daga gado ko daga sujada yana rage jirin, gwajin jini na ƙoda da sinadarin fotasiyam kuma shi ke nuna ko akwai gyara.

Akwai laulayin da ba a faɗa wa kowa. Atenolol da wasu magungunan fitsari sukan kawo kasala da raunin mazakuta, kunya kuma takan sa magidanci ya bar ofishin likita bai ambata ba, ya nufi masu maganin maza na tasha. Haɗari biyu ne a nan. Daina Atenolol kwatsam yana iya tayar da bugun zuciya da ciwon ƙirji. Haɗa Sildenafil da maganin ciwon ƙirji irin su Isosorbide kuwa yana iya faɗar da jini har a rasa rai. Hawan jinin kansa yana lalata jijiyoyin da mazakuta ta dogara a kansu, don haka barin magani yakan ƙara matsalar da ake gudu.

Wani lokaci laifin yana wajen abin da ake haɗawa da maganin. Diclofenac da Ibuprofen, da ake saye don ciwon baya bayan wahalar hanya, suna ɗaga jini, suna kuma takura ƙoda. Gishiri da dunƙulen magi da kanwa duk suna ɗauke da sinadarin sodiyam. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce gishirin babba ya gaza giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Ma'aikacin tarayya yana da gatan da manomin Gurara ko ɗan kasuwar Lambata ba lallai ya samu ba. A ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta mayar da hukumarta NHIA, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin da aka rubuta kaɗai yake biya, ganin likita kuma yana cikin haƙƙinsa. Abin da ya rage gare shi shi ne ya koma da bayani: ƙaramin littafi da ya rubuta awon jininsa na safe da yamma, sunan kowane magani da na kemis da na gargajiya, da ranar da laulayin ya fara. Magungunan hawan jini rukuni-rukuni ne, wanda bai karɓi jiki ba yana da madadi, amma likita ba zai sauya abin da ba a gaya masa ba. Kwalin da aka ajiye a aljihun tebur, a koma da shi asibiti a wannan makon.