Yadda ɗaliban jami'a suka auna igiyoyin 5G a titunan New York

Duk mai wayar salula ya san wannan matsala: a ƙofar gida rezo cike yake, da an shiga ƙuryar ɗaki sai ya ragu, wani lokaci ma kiran ya tsinke. Kafin kamfanin sadarwa ya kafa anten, dole ne ya san nisan da igiyar rediyo za ta kai, da abin da ke tare ta, da abin da ke juyo da ita. Lissafi kaɗai ba ya ba da wannan amsa, sai an fita an auna. Ɗaliban jami'a na cikin masu yin wannan aiki, kuma abin da ya faru a Jami'ar New York ta ƙasar Amurka a shekarar 2012 ya nuna irin nauyin da ke kansu.

Cunkoso a sararin samaniya

Kowace na'urar sadarwa tana da zangon da take aiki a kai. Gidajen rediyon FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, wayoyin GSM kuma suna amfani da 900 da 1800. Megahaz ɗaya na nufin igiyar tana kaɗawa sau miliyan ɗaya cikin daƙiƙa guda. Waɗannan ƙananan zanguna suna tafiya da nisa, suna kuma ratsa bango, shi ya sa kowa ke rububinsu: rediyo, talabijin, sojoji, jiragen sama da kamfanonin waya. Da mutane suka fara kallon bidiyo a waya, sai wurin ya yi kaɗan.

Can sama kuwa akwai fili mai yawa, misali a gigahaz 28, wato megahaz 28,000. A nan tsawon igiya bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, alhali a megahaz 900 ya kai santimita 33. Injiniyoyi da yawa sun daɗe suna ganin irin wannan gajeriyar igiya ba za ta yi wa wayar hannu amfani ba, don ruwan sama zai raunana ta, gine-gine kuma su tare ta. An fi barin ta ga tauraron ɗan adam da antenoni biyu masu kallon juna.

Aikin da ɗaliban suka yi

Farfesa Theodore Rappaport ya fara gwada wannan zato tare da ɗalibansa a Jami'ar Texas da ke Austin a 2011, a kan gigahaz 38. A 2012 ya koma New York, ya kafa cibiyar bincike mai suna NYU WIRELESS, aka ci gaba da gwajin a kan gigahaz 28 a unguwannin Manhattan da Brooklyn.

Ɗaliban sun ɗora na'urar aika saƙo a kan rufin gine-ginen jami'ar, suka riƙa yawo da na'urar karɓa daga wannan kwana zuwa wancan. Kowace na'ura tana da anten mai siffar mazurari, wanda ke tattara igiya wuri guda kamar yadda tocila ke tattara haske. A duk inda suka tsaya, sai su juya anten ɗin kaɗan-kaɗan har ya zagayo, suna rubuta ƙarfin saƙon da ya iso daga kowace fuska da lokacin da ya ɗauka. Daga wannan lokacin ne ake gane ko igiyar ta zo kai tsaye, ko kuwa ta bugi wani bango ta dawo. Bayan haka su koma ɗakin bincike, su zuba alƙaluman a kwamfuta su tace. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri, domin kuskure kaɗan wajen daidaita na'ura yana iya ɓata awon yini guda.

Abin da awon ya nuna

Sakamakon ya fito a 2013 a mujallar IEEE Access, kuma yawancin sunayen da ke kan takardar na ɗalibai ne. Abu na farko, ana iya kama saƙon har nisan kimanin mita 200, ko da babu layin gani tsakanin antenonin biyu. Dalili shi ne gine-ginen da ake tsoro su ne ke juyo da igiyar, ta bi ta lungu ta isa. Abu na biyu, a irin wannan ɗan gajeren nisa ruwan sama mai ƙarfi ba ya rage saƙon da yawa. Abu na uku bai yi daɗi ba: gilashi mai duhu da ake sa wa manyan gine-gine yana rage ƙarfin igiyar kusan sau dubu goma, bulo ma yana cinye kaso mai yawa. Ma'ana, anten na waje ba zai wadatar da na cikin ɗaki ba.

A watan Yulin 2016 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe zangunan gigahaz 28, 37 da 39 don wayar salula, kuma a Afrilun 2019 kamfanin Verizon ya fara 5G a kan irin wannan zango a biranen Chicago da Minneapolis. Sai dai iyakar da ɗaliban suka gano tana nan daram. Tun da sai an kafa anten kusa-kusa, kuɗin yana da yawa, don haka an fi amfani da shi a wuraren taruwar jama'a kamar filayen wasa da filayen jirgin sama. Yawancin 5G na duniya yana aiki ne a zangunan da ke ƙasa, kusa da gigahaz 3.5.

Me ya shafi Nijar?

Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara na'urorin da ake sayarwa a duk duniya, amma awon New York na gilashi ne da bulo da dogayen benaye. Ba zai faɗi yadda katangar laka mai kauri ta unguwar Birni a Damagaram ke rage igiya ba, ko rufin kwano a Maraɗi, ko hazo da guguwar ƙura a Tawa. Ko a zangunan da wayoyin ƙasar ke amfani da su yau, kayan gini da yanayin gari suna da tasiri kan inda rezo zai kai. Hanyar sanin hakan iri ɗaya ce a ko'ina: na'urar aikawa, na'urar karɓa, malamin da ya san aikin, da ɗaliban da za su bi unguwa-unguwa suna rubuta abin da na'urar ta nuna.