Aron Jarumi: Labaran Magoya Baya da Takwarorinsu a Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da Turawa ke kira fan fikshin, wato labarin da mai karatu ko mai kallo ke rubutawa game da taurarin da wani ya riga ya ƙirƙira. A nan za a kira shi labarin magoya baya. Wannan takarda za ta bayyana asalinsa, sannan ta duba abin da ya yi kama da shi a adabin Hausa, domin ɗalibi ya iya bambance aro da sata.

2.0 Asalinsa

A shekarar 1938 ne Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a Amurka, cikin mujallar labarai masu zane. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man kuma a 1962. Waɗannan jarumai suna da ƙarfi ko dabarar da ta wuce ta sauran mutane. Sai dai ba faɗa kawai ke jan hankalin masu karatu ba. Alaƙar jarumi da na kusa da shi, kamar soyayyar Superman da 'yar jarida Lois Lane, takan fi tayar da muhawara. Idan kamfani ya raba masoya, ko ya kashe ɗaya, kamar yadda aka kashe Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, a 1973, sai wasu magoya baya su ɗauki alƙalami su tsara nasu ƙarshen. Al'adar ta yi ƙarfi tun a 1967, lokacin da masoya shirin talabijin na Star Trek suka fara buga ƙananan mujallunsu. Zuwan intanet ya ƙara yaɗa ta.

3.0 Takwarorinsa a Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin aron tauraro. Daga Kano har Malanbil, garin kasuwa na ƙasar Benin da ke gaɓar kogi daura da Gaya, duk inda Hausawa suka zauna an san Gizo da matarsa Ƙoƙi. Kowace mai tatsuniya tana da damar ƙara musu sabon labari, muddin ba ta sauya halin Gizo na wayo da haɗama ba. Wannan ita ce ƙa'idar da masu labarin magoya baya ke bi: a bar wa tauraro halinsa, a sauya masa abin da zai same shi.

A rubutaccen zube, misali mafi kusa shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Asalin Iliya gwarzo ne na waƙoƙin baka na Rasha, Ilya Muromets, wanda ya daɗe a gurgunce kafin ya sami ƙarfi. Ingawa ya ɗauko shi ya sa masa rigar Hausa: Sarki Vladimir na birnin Kiev ya zama Waldima na birnin Kib. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya mayar da su na gida. Shi kuwa Bello Kagara, a Ganɗoki (1934), tarihin yaƙe-yaƙen Turawa ya ara, ya jefa jarumi a ciki har ya kai shi ƙasar aljanu. Daga baya finafinan Kano na shekarun 1990 da 2000 suka riƙa aron zubin soyayya daga finafinan Indiya.

4.0 Bambanci

Gizo ba shi da mai shi, Iliya ma haka. Superman kuwa dukiyar kamfani ne. Siegel da Shuster sun sayar da haƙƙinsa a kan dala 130, suka kuma shafe shekaru suna shari'a a kansa. Shi ya sa masu labarin magoya baya galibi ba sa sayar da abin da suka rubuta, kuma sukan ambaci mai asalin tauraron. Marubucin da ya kwashi aikin wani sukutum, ya sauya suna kawai ya kai kasuwa, ya fita daga aro ya shiga sata.

5.0 Kammalawa

Idan ɗalibi ya ci karo da irin wannan labari, tambayoyi uku za su taimaka masa. Daga ina aka aro tauraron? Me aka bari na halinsa? Me marubucin ya ƙara nasa na jigo da salo? Amsar ta ukun ce ke nuna ko an yi adabi ko an yi kwafi, domin kayan aro ba ya rufe katara.