Me Ya Sa Tirela Ke Buɗewa Hagu Kafin Ta Karya Dama?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Argungu lokacin kakar shinkafa ya san wannan kallo. Tirela ta taho daga hanyar Birnin Kebbi, tana son shiga wani lungu inda aka tara buhuna a sito. Lungun kuwa an yanka shi ne tun zamanin da jaki da amalanke ke jigilar kayan gari. A dama lambatu, a hagu dakalin wani dattijo da turken wutar lantarki. Yaron mota ya diro da weji a hannu, yana dukan bodi yana ihu: "Taho, Oga! Taho! Karya kaɗan! Tsaya!" 'Yan makaranta da aka taso sun yi cirko-cirko, wasu ma sun matsa har kusa da taya.

Mun sha tsayawa kallon wannan aiki, kuma mun lura cewa abin da direba ke fama da shi lissafi ne, irin wanda ake koya muku a aji.

Manyan motoci sun yawaita a garuruwan nan biyu, kuma da dalili. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Shanshera daga fadamar Rima, taki, siminti, albasar Aliero: duk a bayan mota suke tafiya, kuma ba kullum ake sauke su a babban titi ba.

Tirela gida biyu ce. Akwai kai, inda inji da direba suke, akwai kuma dogon bodi. Abin da ya haɗa su wani kakkauran ƙarfe ne da ke shiga cikin faranti mai man girisi a bayan kan, a nan motar ke lanƙwashewa. Tayoyin bodi ba su san sitiyari ba, jan su kawai ake yi. Shi ya sa a kwana ba sa bin sawun tayoyin gaba, sai su yanke ta ciki.

Ku ɗauko biro mu auna. A ce mahaɗar kai da bodi tana zagaya da'ira, nisanta daga tsakiyar da'irar mita 15. A ce daga mahaɗar zuwa tayoyin baya mita 9 ne. Tsakiyar da'ira da mahaɗa da tayoyin baya sun ba mu alwatika mai kusurwar digiri 90, kusurwar tana wajen tayoyin baya. Sai dokar Pythagoras: 15 sau 15, 225, 9 sau 9, 81. A cire, saura 144, wato 12 sau 12. Ke nan idan kwanar ta yi tsawo, tayoyin baya za su bi mita 12 daga tsakiya, sun shigo ciki da mita uku cif. Mita uku ya ishi Keke Napep tsayawa har da sauran fili.

To ga inda haɗarin yake. Direban da zai karya dama dole ya fara buɗewa hagu, don bodi ya samu wurin wucewa ba tare da ya hau lambatu ba. Ɗan kabu-kabu ko ɗalibi a kan keke sai ya ga fili ya buɗe a dama, ya ce bari ya kutsa ya wuce. Wannan filin na tayoyin baya ne, kuma yanzu za su zo su rufe shi. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune, saboda haka ɓangaren dama ne ya fi ɓoye masa. Da zarar kai ya karya, madubin dama ma jikin bodi yake nuna masa, ba titi ba.

Ribas kuma wani karatu ne daban. A gaba jan bodi ake yi, yana bin kai kamar raƙumi da akala. A baya tura shi ake yi, kuma abin da ake turawa ta ƙarshensa ɗaya baya son tafiya miƙe. Ku gwada tura biro a kan tebur da ɗan yatsa ɗaya ku gani. Idan direba ya murɗa sitiyari dama yana ribas, bayan kan zai tafi dama, ya ture gaban bodi dama, wutsiyar bodi kuwa ta nufi hagu. Wato sai ya murɗa akasin inda yake son wutsiya ta nufa, sannan ya yi maza ya warware ya bi ta. In ya yi jinkiri, kai da bodi su naɗe kamar askar wanzami, kuma babu magani sai ya ja gaba ya miƙe ya sake. Abin mamaki, gajeren bodi ya fi saurin naɗewa. Mai tarakta da ke jan ƙaramar tirela daga fadama ya fi direban doguwar mota shan wannan wahala. Ba banza ba aka ware wa motoci masu lanƙwasa ajin lasisi nasu daban, aji G.

A ganinmu ba a yi wa yaron mota adalci da ake kiran sa karen mota. A lungu shi ne idon direba. Gwani a cikinsu yana tsayawa inda Oga zai gan shi a madubi, ba ya shiga tsakanin mota da bango, kuma in an ɓace wa juna sai a taka birki. Wannan ƙa'ida ta shafe ku: in ba ku ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ku ba. Tirela na ribas, ku koma can gaban kai ta gefen direba ku yi kallonku daga nesa, ku riƙe hannun ƙannenku.

A wani lungu da muka tsaya, sai a karo na huɗu motar ta shiga. Dattijo mai dakali ya miƙe ya duba ginin nasa, tazarar ba ta wuce taki ɗaya ba. Ya ce, "Sannu da aiki, direba." Shi kuma ya leƙo yana share gumi: "Yawwa Baba, a yi mana haƙuri da tsare ƙofa."

Mai keke a cikinku zai iya ganin lissafin nan da idonsa gobe a filin makaranta. A jiƙa tayoyin biyu da ruwa, a yi kwana a busasshiyar ƙasa, sannan a sauka a duba sawu. Layi biyu za ku tarar, na baya a ciki. Ku auna tazarar da rula, ku kai wa malamin lissafi.