Allunan karatu na lantarki da rubutun hausa: kwatanta fuskokin manhaja daga mahangar malamin Barmu

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba na'urar nan da ake ce wa « liseuse » da faransanci, wadda mu za mu kira allon karatu na lantarki, ko allo a taƙaice. Na'ura ce da aka ƙera domin karatun littattafai kawai. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irin mai tawadar lantarki a shekarar 2004, Amazon ya biyo da Kindle a 2007, sa'an nan Kobo a 2010. Tawadar lantarki ba ta cin batir sosai sai lokacin da aka juya shafi, shi ya sa caji ɗaya yakan kai makonni, kuma ana ganin rubutun tsaf ko da a tsakiyar rana. Ga wanda ya san ranar Adar da halin wutarta, waɗannan siffofi biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya dame mu a nan shi ne fuskar manhaja (interface), wato abin da mai karatu yake gani yana taɓawa: yadda aka jera littattafai, inda ake sake zubin haruffa, yadda ake neman kalma, da madannan da ake rubutu da su. Masu kwatanta waɗannan na'urori a Turai sukan auna saurin juya shafi da hasken dare da yawan littattafan da ke kantin kamfani. Mu kuwa za mu ɗauki misalin wani mai karatu dabam: malamin makaranta a Barmu, arewa maso gabas da birnin Tawa, wanda yake koyarwa da hausa da faransanci, kuma ba kullum yake samun rezo ba. Littattafansa ba daga kantin kamfani suka fito ba. Daga hannun abokin aiki suka fito, ko daga kwamfutar wani ɗalibi na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. A ganinmu, ga irin wannan mutum tambaya ɗaya ce ta fi muhimmanci: wace fuska ce take barin mai ita ya zuba nasa kaya a ciki?

2. Haruffa masu lanƙwasa

Rubutun boko na hausa a Nijar, bisa dokar ministan ilimi ta watan Oktoba 1999, yana da baƙaƙe huɗu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A Nijeriya ana rubuta na huɗun da alamar hamza, wato 'y. Kowanne daga cikinsu yana da lambarsa a tsarin Unicode:

(1) ɓ U+0253, Ɓ U+0181
(2) ɗ U+0257, Ɗ U+018A
(3) ƙ U+0199, Ƙ U+0198
(4) ƴ U+01B4, Ƴ U+01B3

Idan aka lura, ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin haruffan masu nazarin furuci, alhali ƙ da ƴ da dukkan manyan suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan latin. Wannan rarrabuwa tana da illa. Maƙerin zubin haruffa (police de caractères) yana iya zana rukuni ɗaya ya bar ɗayan, ko ya bar su duka biyu, tun da bai ƙera zubinsa domin mu ba. To, idan allo ya tarar da harafin da babu shi a zubin da ake karatu da shi, abu biyu ne ke faruwa: ko ya nuna ɗan akwati wayam, ko ya aro harafin daga wani zubi. Na biyun ya fi yawa a yau. Sai ka ga kalmar « ƙarƙara » da ƙ biyu masu kauri ko tsawo da ya saɓa wa sauran. Babban mutum yakan wuce wannan ba tare da ya tsaya ba. Yaron da yake koyon bambanta k da ƙ a ajin farko, shi abin yana iya rikita shi.

Maganin kuwa sananne ne. Ƙungiyar SIL ta ƙera zubi kamar Charis da Andika da Gentium, kyauta ne, kuma suna ɗauke da dukkan haruffan nan. Andika ma domin masu koyon karatu aka yi shi. Saura hanyar sa su cikin allo. Kobo da PocketBook sun daɗe suna barin mutum ya haɗa allon da kwamfuta ya zuba zubinsa cikin wata jaka, sai ya bayyana a jerin zaɓi. Kindle bai buɗe wannan ƙofa ba sai a 2018. Yau dai duka ukun suna yi, don haka a wannan fanni bambancinsu kaɗan ne.

Akwai wata matsala da ba ta allo ba ce, tamu ce. Kafin Unicode ya yaɗu, ma'aikatun da suke buga littattafai da harsunan ƙasa sun yi aiki da zubi na gyaran gida, inda akan cire wata alama da ba a bukata a zana ƙ a gurbinta. Fayil ɗin da aka buga haka, idan ya rabu da zubinsa, ƙ ɗin sai ya koma alamar asali. Babu allon da zai gyara wannan, sai an bi fayil ɗin an mayar da kowane harafi lambarsa ta gaskiya. Irin aikin ne shirin DiLAF ya yi wa ƙamusoshin harsunan Nijar, har da na hausa da faransanci. Muna da yaƙinin cewa kundayen ɗalibanmu da yawa na shekarun 1990 suna jiran irin wannan wanki.

3. Neman kalma

Nan ne al'amarin ya fi tsanani, kuma nan ne masu kwatanci ba su cika dubawa ba. A faransanci, idan mutum ya nemi « ecole » yawancin manhajoji sukan kawo masa « école », domin Unicode yana ɗaukar é a matsayin e da wata alama a kansa, ana iya ware su. Harafin ƙ ba haka yake ba. Shi harafi ne mai zaman kansa, ba k da ƙugiya ba. A wajen masanin harshe wannan daidai ne, tun da ma'ana tana sakewa:

(5) kafa / ƙafa
(6) daka / ɗaka
(7) bari / ɓari
(8) baki / baƙi

Amma sakamakon shi ne, wanda yake son ya nemi « ƙafa » a cikin littafi dole ya iya buga ƙ. Madannan (clavier) da ke cikin Kindle da Kobo an shirya su ne domin harsunan da kamfanonin suka zaɓa, kuma hausa ba ta ciki, kamar yadda ba ta cikin harsunan da ake nuna umurnin na'urar da su. Malaminmu na Barmu zai iya karanta ƙ, amma ba zai iya rubuta shi ba, ko wajen nema ko wajen ɗan sharhin da yake so ya ajiye a gefen shafi. Dabarar da ta rage masa ita ce ya danna kalmar inda ya fara ganinta, ya ce a nemo sauran. Wayar salula ta fi allo a nan, domin madannan Gboard suna da tsarin hausa.

Alamar hamza ita ma tana da nata rikici. Alamomi uku ne aƙalla suke kama da juna a ido: U+0027 da ke kan madannai, U+2019 da manhajojin rubutu suke musanyawa da kansu, da U+02BC. Biyun farko alamomin rubutu ne, na ukun ne Unicode yake ƙirgawa a harafi. Don haka idan aka danna « jama'a » domin a duba ƙamus, wata manhaja tana iya ɗaukar « jama » kaɗai, kamar yadda take raba « l'eau » gida biyu. Kuma littafin Kano mai « 'yan » da na Yamai mai « ƴan » ba za su amsa nema ɗaya ba. Abin dariya a nan shi ne mutumin Adar a bakinsa « ɗiya » yake cewa inda littafi ya ce « ƴa », kamar yadda yake cewa « tahi » da « biyat ». Wannan kuwa ya wuce ƙarfin kowace na'ura.

Jerin abacada ma haka. Manhajar da take jera sunayen littattafai bisa lambar harafi kawai za ta kai duk mai farawa da Ɗ ko Ƙ bayan Z. Akwai ƙa'idar jerin hausa a taskar CLDR ta Unicode, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ts ke bin t, amma sai manhajar ta san harshen da take aiki da shi. Lambar hausa ita ce « ha ». Duk wanda ya shirya littafi a tsarin EPUB ya bar lambar harshe a « fr », to ya ba allo izinin yanka kalmomin hausa a ƙarshen layi bisa ƙa'idar faransanci.

4. Yadda littafi yake shiga

Fuskar Kindle an gina ta ne a kan kanti. Shafin farko yana nuna abin da mutum ya mallaka tare da abin da ake so ya saya, kuma ana tsara littattafai rukuni-rukuni, ba jaka-jaka ba. Kindle ba ya buɗe EPUB da aka zuba masa ta waya daga kwamfuta. Tun 2022 ana iya aika masa EPUB ta intanet, kamfanin ya juya shi zuwa nasa tsari. In babu rezo, sai a juya fayil ɗin da manhajar Calibre kafin a zuba. A watan Fabrairu 2025 kuma Amazon ya cire hanyar da mai saye yake sauke littafinsa a kwamfuta ya kai wa allon ta waya. Ga mazaunin Paris wannan ba kome ba ne. Ga wanda yake zuwa Tawa lokaci-lokaci ya kwaso abin karatu na wata guda, ƙofa ce aka rufe.

Kobo, wanda shagunan Fnac suke sayarwa a Faransa, shi ma yana da kanti a fuskarsa, amma yana buɗe EPUB kai tsaye. PocketBook, wanda a Faransa ake samun ƙirarsa da sunan Vivlio, ya fi su sakin hannu: yana iya nuna jakunkuna kamar yadda mutum ya tsara su a kwamfuta, yana buɗe tsare-tsaren fayil da yawa har da DjVu.

Sai kuma KOReader. Wannan ba na'ura ba ce, manhaja ce ta kyauta da masu sa kai suke rubutawa, ana ɗora ta a kan Kobo ko PocketBook ko wayar Android. A kan Kindle sai an fasa makullin na'urar tukuna, abin da ba za mu ba malamin ƙauye shawarar yi ba. Fuskarta cike take da zaɓi har takan tsorata baƙo, ba mu musun wannan. Amma tana karɓar ƙamus a tsarin StarDict, wanda kowa yake iya shiryawa, tsarin madannanta a buɗe yake ga mai son ya ƙara ƙ da ɗ, kuma fassarar umurninta masu sa kai ne suke yi. Ke nan ita ce kaɗai daga cikin huɗun da sashenmu zai iya mayarwa hausa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

5. PDF, karin sauti da ajami

Mafi yawan abin da malamai da ɗalibai suke karantawa PDF ne mai girman A4, santimita 21 a kan 29,7. Allon da aka fi sani kuwa kimanin santimita 15 ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Shafin yakan ƙanƙance har ido ya gaji. KOReader tana yanke farin gefe, tana kuma iya warware layuka ta sake jera su daidai da faɗin allo, ko da shafin hoto ne. Wannan yana da amfani ga zube. Ga littafin nahawu kamar « Le haoussa de l'Ader » na Bernard Caron (1991), inda misali da fassararsa suke tafiya layi a ƙarƙashin layi, sake jeri ɓarna ne. Gara a juya allon a kwance a karanta rabin shafi.

Rubutu mai alamun karin sauti da tsawon wasali yana bukatar zubin da ya iya ɗora alama a kan alama, misali gicciyen tsawo da alamar faɗuwar murya a kan wasali ɗaya. Charis yana yin haka. Wanda zai shirya irin wannan littafi a EPUB ya kamata ya cusa zubin a cikin fayil ɗin, kada ya dogara ga abin da ke cikin allon mai karatu.

Game da ajami, Unicode ya ƙara a 2016 siffofin fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da aka saba da shi a ƙasashenmu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. SIL ta fitar da zubin Harmattan, da Alkalami mai bin hannun Kano. Sai dai ajamin da masu bincike suke bukata, kamar wanda ke ajiye a sashen rubuce-rubucen larabci da ajami na IRSH a Yamai, rubutun hannu ne, kuma a hoto yake zuwa. A nan abin dubawa shi ne yadda fuskar take ƙara girman shafi. Allon da ba ya nuna launi kuma yana mayar da jar tawadar wasula toka-toka, ta kusa ɓacewa cikin takardar da ta tsufa.

6. Abin da ya rage a hannunmu

Ba mu ɗauka cewa allon karatu zai maye gurbin salula ba. Labaran hausa da matasa suke karantawa yau ta WhatsApp da Wattpad suke yawo, yawancinsu ma babu lanƙwasa ko ɗaya. Dandalin Okadabooks na Nijeriya, wanda marubutan hausa da dama suka yi amfani da shi, ya rufe a 2023, abin da ya nuna haɗarin ajiye littafi a rumbun wani. Idan wata makaranta a gundumar Tawa ta tambaye mu abin da za ta saya, za mu ce ta nemi allon da yake buɗe EPUB kai tsaye kuma yake karɓar KOReader, ta gwada shi da shafi ɗaya mai ɗauke da haruffa takwas na (1) zuwa (4) kafin ta biya kuɗi.

A namu ɓangare, muna ba da shawara sashen ya ɗauki ayyuka biyu a matsayin batun kundin digiri na biyu: mayar da ƙamus ɗin hausa da faransanci zuwa tsarin StarDict, da shirya madannan hausa domin KOReader. Wanda zai ɗauki na farkon zai fara da yanke hukunci a kan ƴ da 'y, ko ya sa kowace kalma ta amsa da siffofin biyu.